Ruwa, Baitulmali da Manomi: Bakolori a Ma'aunin Masanan Indiya na Da

    

An nemi in yi magana a kan yadda masanan Indiya na zamanin da suka fahimci tafiyar da dukiyar ƙasa da dabarun mulki. Na san da jin wannan take wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ruwa ne ya haɗa mu da su. Galibin ƙasar Indiya damina ɗaya take samu, daga Yuni zuwa Satumba, sannan rani ya shigo da tsawonsa, kamar dai yadda muke a nan. Duk wanda Allah ya ba mulkin ƙasa irin wannan, akwai tambayoyin da ba zai kauce musu ba. Yaya za a tare ruwan wata huɗu ya ciyar da mutane shekara guda? Wa zai gina, wa zai biya, wa zai gyara in ya lalace? Gonar wa za ta nutse, kuma me za a ba shi? Su sun zauna sun rubuta amsa tun shekaru kusan dubu biyu da suka wuce. Mu kuwa an ba mu tamu amsar a dam ɗin Bakolori, kuma a cikin wannan ɗakin akwai waɗanda suka san abin da ta ci.

Littafin da zan fi dogara da shi sunansa Artashastra, ana jingina shi ga wani masani mai suna Kautiliya. Al'adar Indiya ta ce shi ne Canakiya, wazirin sarki Candragupta wanda ya kafa daular Mauriya wajen shekara ta 321 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Manazarta da yawa na wannan zamani suna ganin littafin da ke hannu ya kammalu ne a ƙarnonin farko bayan haihuwarsa. Littafin ya ɓace daga idon masu karatu na ɗaruruwan shekaru, sai a 1905 wani ma'aikacin laburare a birnin Maisur, Shamasastri, ya samu kwafinsa rubuce a kan ganyen dabino irin nasu, ya buga shi a 1909. Juzu'i 15 ne, kuma mafi girma a cikinsu shi ne wanda ya yi magana kan ma'aikatan gwamnati: mai tattara haraji, ma'aji, mai kula da rumbunan hatsi, mai kula da ma'adinai, mai kula da mudu da sikeli, mai kula da gonaki.

A wajen Kautiliya daula gaɓoɓi bakwai gare ta: sarki, waziri, karkara da mutanenta, birni mai ganuwa, baitulmali, runduna, sai aboki na waje. Abin lura shi ne yadda ya ɗaura su da juna. Runduna tana ci daga baitulmali, baitulmali kuma yana cika daga karkara. Saboda haka sarkin da ya bar manomi ya karye, rundunarsa ya karya, ko da bai gane ba sai bayan shekaru. Kada wani ya ɗauka tausayin talaka ne ya sa Kautiliya faɗin haka. Mutum ne mai tsananin lissafi, kuma lissafin ne ya kai shi ga wannan matsaya. Ni a ganina wannan ya ƙara wa maganarsa nauyi, domin ko mai mulkin da ba ya jin wa'azi yana jin asara.

Mu fara da rajista. Ya ce a naɗa ma'aikaci ɗaya a kan kowane ƙauye biyar ko goma, aikinsa ya rubuta iyakokin ƙauyukan, ya ƙirga gonaki, wadda ake nomawa da wadda ta zama saura, ta tudu da ta fadama, lambuna, itatuwa, rijiyoyi, maƙiyaya, hanyoyi, har da maƙabarta. Ya rubuta gidaje da yawan mutanen kowane gida, da dabbobinsu, da abin da ke shigo musu da abin da ke fita. Manufarsa haraji ce, babu shakka. Amma littafin da ya nuna abin da za a karɓa daga hannunka, shi ne kuma shaidarka ranar da aka zo karɓar gonar taka.

Yanzu mu dawo gida. A 1969 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan Gulbin Sakkwato, ta ba da shawarar a gina matsakaicin dam a Bakolori, a bi aikin sannu a hankali, ba tare da an birkita noman da mutane suka saba ba. Sai fari ya zo a farkon shekarun 1970, kuɗin man fetur kuma ya shigo ƙasa kamar ambaliya. Gwamnatin soja ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, aikin ya faɗa hannun kamfanin Impresit na Italiya. An fara gini a 1974, aka kammala dam ɗin a 1978: tsawonsa kilomita 5 da rabi, tafkin da ke bayansa yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, ya shafe hekta kusan 8,000. An tsara shayar da hekta 23,000, daga ciki 15,000 da injunan feshi, 8,000 kuma ta kanal.

Injiniyoyin sun auna ƙasa, sun auna dutse, sun auna ruwan gulbi. Abin da ba a yi da kyau ba tun farko shi ne aikin wancan ƙaramin ma'aikaci na ƙauye biyar. Mutane kimanin 13,000 ruwa ya tasa daga gidajensu da gonakinsu a yankin Maradun, aka kai su sababbin matsugunai a kan tudun da bai kama ƙafar fadamar da suka bari ba. A ƙasan dam kuma, inda za a yi ban ruwa, katafila ta shiga ta baje gonakin dubban iyalai. Ta tuge ɗorawa da tsamiya da kuka, ta share iyakokin da kakanni suka sani da idonsu. Wanda bai san noman ƙasar nan ba zai ce ai itace ne kawai. Ku kun san ɗorawa ɗaya daddawa ce ta shekara, kuma kuɗin cefanen mace ne. Da aka zo rabon gonaki da biyan diyya, sai aka rasa littafin da kowa ya yarda da shi. Wani an rage masa, wani an ba shi gonar wani, wani sunansa bai fito ba sam. Ga gonar gado, ga ta aro, ga ta jingina, kowace da hukuncinta a al'adarmu, amma takardar kamfani ba ta san wannan bambanci ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuma ta zo ta mayar da ƙasa hannun gwamna, ta ƙara raunana bakin manomi.

Abu na biyu shi ne lokaci. Artashastra ya san cewa sabon aikin ruwa ba ya ba da amfani a shekarar farko. Shi ya sa ya tsara rangwame: wanda ya gina sabon tafki a ɗauke masa haraji shekara 5, wanda ya gyara rusasshe shekara 4, wanda ya share wanda ciyawa ta cinye shekara 3. Idan kuma sarki ne ya kafa sabon ƙauye, ya taimaki mazaunansa da iri da shanu da kuɗi, su biya in sun tsaya da ƙafafunsu. A Bakolori akasin haka aka yi. Manoma da yawa sun yi damina biyu ko uku ba su shuka ba, suna jiran kamfani ya gama daidaita ƙasa. Magidancin da ya rasa damina ɗaya ya san yadda rumbunsa zai kasance kafin bazara, balle uku. An sayar da awaki, an sayar da shanun huɗa, an ci bashi, samari sun tafi cin rani ba su dawo ba. Da gonar ta dawo kuma, sai ta dawo da umarni: shuka alkama, shuka a lokaci kaza, bi tsarin hukuma. Mutumin da gero da dawa ne abincin gidansa aka ce ya jingina rayuwar iyalinsa ga famfon da ba shi ke riƙe da makullinsa ba.

Abu na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne haƙƙin na ƙasa da kai a bakin gulbi. A juzu'i na uku, inda ake maganar shari'a, littafin ya hukunta cewa wanda ya gina sabon tafki a sama ba shi da ikon hana ruwa isa ga tsohon tafkin da ke ƙasa da shi, kuma wanda ruwan tafkinsa ya ɓata shukar wani zai biya gwargwadon ɓarnar. Kafin 1978, ambaliyar shekara-shekara ita ce rayuwar fadamar Gulbin Sakkwato. Ruwa ya malala, a shuka shinkafa. Ya janye, ya bar laka da danshi, a shuka albasa da tattasai da dankali da taba, masunta kuma su kama kifi a tafkunan da ya bari. William Adams na Jami'ar Kambirij ya yi bincike a wannan fadama bayan an tare ruwan, ya gano cewa a cikin hekta kusan 19,000, noman shinkafa ya ragu da hekta 7,000, noman rani kuma da hekta 5,000. Waɗannan mutane ba a tashe su daga gidajensu ba, don haka ba su shiga jerin masu diyya ba. An dai ɗauke musu ruwa. Duk lissafin ribar Bakolori da bai cire wannan asara ba, lissafi ne na rabi.

Sauran labarin kun fi ni saninsa. Manoma suka tare hanyoyi, suka tsayar da aikin kamfani, suna neman diyyarsu. Gwamnan Jihar Sakkwato na lokacin, Shehu Kangiwa, ya yi alkawarin duba kukansu. A ƙarshen Afrilu na 1980, lokacin mulkin Shugaba Shehu Shagari, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa Birnin Tudu da ƙauyukan da ke kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Adadin da ya fito daga bakin mutanen yankin, wanda masu bincike suka riƙa kawowa, shi ne 386. Allah ya ji ƙansu, ya sa sun huta. Ina roƙon ɗaliban da ke nan su je wurin dattawan da suka ga wannan rana su rubuta abin da suka gani, tun suna raye.

Bari in koma Indiya, domin akwai wani tafki da ya kamata duk mai riƙe da hukumar ruwa ya san labarinsa. A gindin dutsen Girnar, kusa da birnin Junagad a jihar Gujarat ta yau, akwai wani falalen dutse da sarakuna uku suka yi rubutu a kansa. Rubutun sarki Rudradaman, na wajen shekara ta 150 bayan haihuwar Annabi Isa, ya ba da tarihin tafkin Sudarshana. Gwamnan Candragupta, Pushyagupta, shi ya gina shi. A zamanin Ashoka, jikan Candragupta, aka fitar masa da magudanan ruwa. Sai guguwa da ruwan sama mai ƙarfi suka fasa madatsar. Mashawartan Rudradaman suka ga aikin ya yi girma, suka ƙi goyon baya, amma ya sa aka gyara, kuma abin da ya zaɓa ya yi alfahari da shi a jikin dutse shi ne ya biya daga baitulmalinsa, bai aza wa talakawa sabon haraji ko aikin tilas ba. Madatsar ta sake fashewa a zamanin Skandagupta, wajen shekara ta 456, aka sake gyarawa. Tafki ɗaya, dauloli daban-daban, fiye da shekara 700.

Namu fa? Ya zuwa 2003, shekara 25 da kammala dam, injunan feshin nan da aka tanada wa hekta 15,000 sun daina aiki. Abin da ake nomawa a lokacin bai wuce hekta 7,500 ba, galibi shinkafa. Injin feshi yana son lantarki, yana son kayan gyara daga waje, yana son kuɗin kulawa kowace shekara, kuma babu ɗaya da aka tabbatar da shi kafin a sayo shi. Mun iya buɗe aiki da kakaki da algaita, amma ba a yi wa yashe kanal biki, shi ya sa ba ya samun gurbi a kasafin kuɗi. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 don shirin TRIMING na gyaran ayyukan ban ruwa a Arewa, Bakolori na cikin manyan wuraren da aka sa gaba. An gyara kanal, an ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, kuma manoma sun ga bambanci. Na yaba. Sai dai bashi ne, jikokinmu za su taya biya, kuma tambayar da ke gabanmu ita ce wa zai yashe kanal ɗin nan bayan masu shirin sun naɗe tabarmarsu.

Wannan ya kawo mu ga kuɗin ban ruwa. Kautiliya bai ce ruwa kyauta ba ne. Ya sanya kaso a kan amfanin gonar da aka shayar, daga ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku, gwargwadon yadda ruwan ya isa gonar. Wanda ya ɗebo da hannunsa shi ke biyan mafi ƙaranci, wanda na'ura ta koro masa ruwa ta magudana shi ke biyan mafi yawa. Malamai, Allah ya gafarta muku, kun san shari'armu ta zo da ma'auni mai kama da wannan a zakkar hatsi: abin da ruwan sama ya shayar a fitar da ɗaya cikin goma, abin da aka shayar da wahala, da jigo ko da guga, a fitar da ɗaya cikin ashirin. Zakka ibada ce, wancan kuwa harajin sarki ne, kuma kason Kautiliya ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Amma dukansu sun lura da gumin manomi kafin su yanka masa abin biya. Saboda haka manomin da ke ƙarshen kanal, wanda ruwa ba ya isa gare shi sai ya sayi fetur ya tayar da injin, bai kamata a caje shi daidai da wanda ke bakin ƙofar ruwa ba.

Kuɗin da aka tara kuma, ina yake zuwa? A nan Kautiliya ba ya yarda da kowa. Ya lissafa hanyoyi 40 da ma'aikaci ke bi ya ci dukiyar hukuma: a karɓa yau a rubuta gobe, a karɓi da yawa a rubuta kaɗan, a rubuta an biya wanda ba a biya ba, a sauya mudu. Duk wanda ya taɓa bin layin takin gwamnati zai gane su ɗaya bayan ɗaya. Maganinsa shi ne ofishin bincike mai zaman kansa, da ranar da kowane ma'aikaci zai kawo littafinsa a rufe da hatimi a ƙarshen shekara, da shela ga jama'a cewa duk wanda ma'aikaci ya cuta ya fito a biya shi. Ya kuma iyakance albashin ma'aikata gaba ɗaya, kada ya wuce rubu'in kuɗin shiga. Ya ce a ajiye rabin abin da ke rumbun gwamnati saboda shekarar masifa, a riƙa sauya tsohon hatsi da sabo. In yunwa ta zo, sarki ya raba iri da abinci, ya buɗe aikin ganuwa ko na madatsa don mutane su samu abin yi.

Ba na son ku fita daga nan kuna ganin Kautiliya waliyyi ne. Littafinsa cike yake da 'yan leƙen asiri, da guba, da yaudara. Ya yarda da tsarin da ya raba mutane aji-aji tun daga haihuwa. Ya halatta wa sarkin da baitulmalinsa ya bushe ya karɓi kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na hatsin manoma, ko da yake ya ce sau ɗaya kawai, har ma ya koya masa dabarun damfarar masu ibada. Wannan ba tafarkinmu ba ne. Muna da namu magabatan da suka yi maganar nan da tsoron Allah. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙ, ya ambaci jangali da kuɗin gari da kuɗin salla da gaisuwa a cikin zaluncin sarakunan da ya yaƙa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba raya manoma da maƙera da marina da sauran masu sana'a, da kula da kasuwanni da hanyoyi da gadoji. Shi kansa ya bi wannan da aiki, yana kafa garuruwan ribaɗi yana zaunar da mutane su yi noma. Abin da littafin Indiya ya ƙara mana shi ne ƙananan bayanai na ofis: wa ke riƙe da littafi, yaushe ake duba shi, nawa ne tara.

Akwai magana ɗaya da ba zan tsallake ba, ko da tana da ɗaci. Masanan Indiya sun ce mutane sun yarda su ba sarki ɗaya cikin shida na hatsinsu ne don ya tsare su, domin in babu mai hukunci babban kifi cinye ƙarami yake yi. Haraji a wurinsu ladan tsaro ne, sarkin da ya karɓa bai tsare ba ya ci haram. Yau a wasu ƙauyukan Maradun da maƙwabtanta, manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Wannan haraji ne, kuma wanda ke karɓarsa shi ne mai iko a wannan daji, komai abin da taswira ta nuna. Gyaran kanal na biliyoyin naira ba zai amfani wanda ba ya iya kwana a gonarsa ba. Duk kasafin da aka yi wa Bakolori, a sa tsaron hanyoyin gona da na ma'aikatan dam a cikinsa.

Ga abin da nake roƙo, kuma babu wanda ke buƙatar rancen waje a ciki. Masarautun Mafara da Bakura da Maradun, tare da hukumar kogi da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su tabbatar kowane fili a cikin aikin yana rubuce da sunan mai shi da na mai aro, da Hausa, boko da ajami, kwafi ɗaya a ofis, ɗaya a gidan dagaci, gonakin mata da na marayu su fito da sunayensu. Kowace ƙungiya ta karanta lissafinta a bainar jama'a bayan girbin rani: nawa aka tara, nawa aka kashe, mita nawa na kanal aka yashe. Wanda ruwa bai isa gonarsa ba a wannan kaka, a ɗauke masa kuɗin ban ruwa. Hukumar kogi kuma ta riƙa sanar da ranakun sakin ruwa ta rediyo tun da wuri, kuma a teburin da ake tsayar da waɗannan ranaku a ajiye kujera ga manoman fadama da masunta na ƙasan gulbi, da makiyayan da ke shayar da dabbobinsu a bakinsa.